Ramin hedfon ya saki a situdiyo: a wanke shi, a liƙe shi, a sauya shi, ko a kewaye shi?

Bayan kaka, in amfanin gona ya shigo gida aka fara ɗaure-ɗauren aure, lokacin ne aiki yake yi mini yawa a ɗan situdiyon da nake da shi a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Waƙar amarya, waƙar walimar sauka, ƙasidun sha'irai, wani lokaci har da tallar da za a sa a lasifika ranar kasuwa. A irin wannan lokaci ne wani sha'iri ya taso a babur tun daga gaban Gujungu, shi da 'yan amshinsa biyu. Na sa masa hedfon, na saki kiɗa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, dakata. Kiɗan nan kamar daga cikin rijiya yake fitowa, kuma muryar da muka ɗauka ɗazu ta ɓace." Na taɓa kan jak ɗin, wato ƙarfen bakin igiyar hedfon da ake cusawa a rami, da yatsa, komai ya dawo daidai. Na ɗauke yatsa, ya koma rijiya. Ranar ƙanena ne ya zauna kusa da saun kad, ɗan akwatin da ke haɗa makirfo da hedfon da kwamfuta, yana danne da jak har muka gama baiti na ƙarshe.

Washegari na cusa tsinken ashana a gefen ramin, ya riƙe. Haka na yi ta aiki wajen mako uku, kullum ina ƙara kaurin tsinken, har ranar da kunnen dama ya ɗauke gaba ɗaya, ko an danna ko ba a danna ba. Wannan tsinke shi ya mayar da ƙaramin gyara babba, kuma har yau abin yana damuna, don kayan nan da guminmu muke sayensu, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwa masu irin wannan sana'a a karkara hanyoyin da ke gabansu, da abin da kowace take ci, da inda kowace take cin amana.

Da farko kalmar "ya saki" tana ruɗar mu, don cuta huɗu ko biyar muke kira da suna ɗaya. Ɗauki kan jak ɗin hedfon ka dube shi. Babban, mai kaurin milimita 6.35, shi ne wanda ake samu a fiyano da miksa da yawancin saun kad, kuma tsohon abu ne ƙwarai, asalinsa daga allunan haɗa layin tarho na ƙarshen shekarun 1870. Ƙaramin, mai milimita 3.5, shi ne na waya da kwamfuta. Kowannensu in na sitiriyo ne za ka ga baƙaƙen zobba biyu sun raba ƙarfen gida uku. Tsinin yana ɗauke da sautin kunnen hagu, na tsakiya yana ɗauke da na dama, dogon na gindi kuwa shi ne at, wato hanyar da kunnuwan biyu suke tarayya a kanta. A cikin ramin akwai 'yan harsunan ƙarfe masu dannowa kamar sifirin, kowanne yana jiran gidansa. Harsunan suna da ƙafafu da suka ratsa fanel, wato allon da kayan cikin na'ura suke zaune a kai, aka liƙe su da dalma. To ko dai datti ya shiga tsakanin harshe da jak, ko harshen ya gaji ya daina dannowa, ko dalmar ƙafar ta tsage, ko notin da ya riƙe ramin da jikin akwatin ya kwance. Ko kuma ramin lafiyarsa ƙalau, laifin yana wajen igiyar hedfon ko adafta.

Wancan sautin rijiya da sha'irin ya ji yana da ma'ana, kuma duk wanda ya gane shi ya rage wa kansa wahala. In hanyar at ce ta yanke, kunnuwan biyu ba sa yin shiru. Abin da suke ba ka shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai. Duk abin da ka ajiye a tsakiyar waƙa, wato muryar mawaƙi da bes da babbar ganga, daidai yake a hagu da dama, don haka sai ya kashe kansa, a bar ka da eko da 'yan kayan kiɗan da ka watsa gefe. In kuwa kunne ɗaya ne ya ɗauke ɗayan yana fita tas, to at lafiya yake, harshen tsini ko na tsakiya ne. Akwai wani abu da yake kawo irin wannan rijiyar ba tare da komai ya lalace ba, shi ne iyafis ɗin waya mai makirfo, mai zobba uku. In ka cusa shi a adafta, sau da yawa harshen at yakan sauka a gidan makirfo. Danna maɓallin amsa kira da ke jikin igiyar. In sauti ya gyaru muddin kana danne, to ajiye wannan iyafis ɗin, ba na situdiyo ba ne, ramin ka bai yi laifin komai ba.

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka wanke hedfon da adafta daga zargi. Sa hedfon ɗin a waya ko rediyo, ka bi igiyar da yatsu kana lanƙwasawa, musamman gindin jak da inda ta shiga kunne, don nan ne siraran wayoyin ciki suka fi karyewa. Sannan ka aro wani hedfon da wata adafta ka gwada a ramin. A abin da na gani, adaftar nan mai arha da ke mayar da ƙaramin jak babba ita ce ta fi kowa laifi. Harsunanta na ciki ba su da ƙwari, kuma wasu kaurinsu bai cika ba, sai su yi ta rawa a ramin da ba shi da matsala. Mai zare, wadda ake murɗawa a kan jak ɗin hedfon, ta fi zama daram, amma sai in hedfon ɗin naka mai zare ne, in ba haka ba jak ɗin ba ya kaiwa ƙarshe. Ka kuma lura ko ƙarar ƙarar-ƙarar ɗin tana zuwa ne lokacin da kake murɗa maɓallin ƙara sauti. In haka ne, dattin yana cikin maɓallin, ba ramin ba.

In zargi ya tsaya kan ramin, hannunka ne zai gaya maka sauran. Kashe na'urar, ka cusa jak a hankali. Rami mai lafiya yana da ɗan "ƙas" a ƙarshe, inda harshe yake faɗawa cikin wuyan tsinin, kuma sai ka ɗan ja kafin ya sake shi. In "ƙas" ɗin yana nan, ramin ba ya motsi, amma sauti sai ka juya jak ɗin yake zuwa, datti ne ko tsatsa. In jak yana shiga yana fita sulul ba riƙo, harsuna sun gaji. In kuwa jak ya riƙu sosai amma shi ramin ne baki ɗaya yake girgiza tare da shi, kuma sauti yana dawowa in ka danna sama ko ƙasa, to ka ajiye aiki nan take. Dalma ce ta tsage, kuma kowace dannawa ƙara ɓarna ce.

Wanki shi ne mafi arha, kuma a ƙasarmu shi ne ya kamata a fara. Wanda bai zauna a nan ba ba zai san irin ƙurar da hunturu yake shigo da ita ba, wadda take bi ta ƙarƙashin ƙofa ta kwanta a kan komai kamar gari. In damina ta zo laima ta haɗu da ita, sai ta zama wani ɗan ɓawo a kan harsunan. Na taɓa haska tocila a ramin wata miksa da ta yi watanni a rufe na tarar zanzaro ya toshe shi da laka. Abin da nake yi shi ne in zare wuta, in jiƙa kan jak mai tsabta da sifirit na kemis, in cusa in zare in juya kamar sau goma sha biyar, in goge baƙin da ya fito, in sake har jak ya fito fes. In akwai ƙura a can ciki, tsinken sakace da 'yar auduga da aka naɗe tam suna isa, muddin ba za a bar zaren audugar a ciki ba. Sai a bari ya bushe kafin a kunna. Maganin feshi na wanke haɗin lantarki ya fi sifirit aiki in an samu na gaske, amma a kiyayi fetur da kalanzir da baƙin mai da man keken ɗinki. Fetur yana cin roba, mai kuma yana kama ƙura, bayan wata ɗaya abin ya fi da muni. Iyakar wanki ita ce ba ya mayar da ƙarfin harshen da ya gaji, ba ya kuma liƙe dalma. In ka wanke sau biyu ba canji, kada ka yi na uku.

Wani abin da wanki yake yawan warkarwa shi ne fiyanon da sifikunsa suka yi shiru alhali ba a sa hedfon ba. A ramin irin waɗannan akwai ƙarin harsuna da aikinsu shi ne kashe sifika in jak ya shiga. In datti ya hana su komawa, fiyano yana zaton har yanzu hedfon na ciki. Mutane da yawa sun ɗauki fiyano a mota zuwa birni saboda wannan.

Noti kuwa magana ce ta minti biyu. In ramin naka yana da noti a waje, kamar yawancin miksa, taɓa shi da yatsa. In yana juyawa, ɗaure shi da filaya a hankali, ka sa ƙyalle don kada ka kankare fenti, kuma ka tuna zaren da yawa na roba ne, ƙarfi kaɗan yake so. Sai dai notin da ya daɗe a kwance ya riga ya bar wa dalma duk nauyin cusawa da zarewa, don haka ko ka ɗaure, ka saurara da kyau ko ciki ya tsage. Batun lanƙwasa harshen da ya gaji ya koma ciki kuma, ana yi, in ramin buɗaɗɗe ne kana ganin harsunan. Yana iya kai ka ƙarshen kakar biki. Amma ƙarfen da ya gaji ya gaji, zai sake saki, kuma a rufaffen rami na roba garin neman gira sai a rasa ido.

Yanzu ga inda zaɓin yake da nauyi, wato dalma. In tsagewa ce kawai, sabunta liƙin shi ne gyaran da ya fi kowanne dacewa. Ba ka sayi komai ba, ramin asali yana nan, kuma in an yi da kyau yana komawa kamar sabo. Tambayar ita ce wa za ka miƙa wa. A garuruwanmu mutum biyu ne, mai gyaran rediyo da mai gyaran waya, kuma ba aiki ɗaya suka iya ba.

Saun kad ɗina na fara kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zama a rumfa ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. Ya buɗe, ya juya fanel ɗin wajen hasken rana, ya sa gilashin ƙara girma, ya motsa ramin da ɗan yatsa. Ya nuna mini wani siririn zobe kamar gashi da ya kewaye ƙafa biyu a cikin dalmar. Ƙafa ta uku kuwa ta taso da ɗan jan ƙarfen da take zaune a kai, yana reto. Ya ce, "Ɗan nan, wa ya cusa masa itace?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Da tun ranar da ya fara ka kawo, ɗigon dalma uku ne. Yanzu hanya ta yanke, sai an yi mata gada." Sannan ya ɗaga ƙarfen liƙinsa ya nuna mini bakinsa mai faɗi, ya ce, "Wannan na rediyo ne da amfilifaya. Layukan nan naka sun fi ƙarfinsa siranta. Kai wa yaron can mai gyaran waya, amma ka ce in ji ni kada ya hura masa iska mai zafi." Ban biya shi komai ba sai godiya, kuma wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta ceci na'urar.

Maganar dattijon ita ce ma'aunin da nake bi har yanzu. Fiyano da miksa da amfilifaya, masu manyan ƙafafu da fili a tsakani, aikin mai rediyo ne, ya saba da su, ya kuma san yadda ake kwance akwati mai sukurori da yawa ba tare da ya tsinke faffaɗar igiyar da ke haɗa fanel da fanel ba. Saun kad da ƙananan na'urorin haɗa kiɗa, waɗanda ƙananan kaya suka cika kewayen ramin, aikin mai waya ne, saboda bakin ƙarfensa siriri ne, yana da man liƙi, idonsa kuma ya saba da ƙananan abubuwa. Haɗarinsa ɗaya, hannunsa ya saba da na'urar hura zafi, ita kuwa tana narkar da robar ramin ta kuma ɗaga 'yan kayan da ke kusa. Ƙarfen da ake ɗorawa a garwashi, wanda har yanzu wasu suke amfani da shi inda babu wuta, kada ya kusanci ko ɗaya daga cikin kayan nan, don ba a san zafinsa ba.

Akwai wani abu game da dalmar kanta da ya kamata ka sani kafin ka zauna kusa da mai gyara. Tun daga 2006, da Tarayyar Turai ta taƙaita gubar dalma a kayan lantarki, yawancin na'urori da sabon haɗi ake liƙe su, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, alhali irin wadda masu gyaranmu suke saye, mai lamba 60/40, tana narkewa a wajen digiri 190. In mai gyara ya ɗiga tasa a kan tsohuwar ba tare da ta ƙasan ta narke ba, sama za ta yi kyau, tsagewar kuma tana nan a ƙasa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, mako biyu ka dawo. Aikin ƙwarai shi ne a sa man liƙi, a zuƙe tsohuwar, a zuba sabuwa ta kwanta ta rungume ƙafar, kuma kada ƙarfe ya wuce 'yan daƙiƙu a wuri ɗaya. A sabunta dukkan ƙafafun, ba mai tsagewar kaɗai ba. In jan ƙarfen ya taso kamar nawa, a ja siririyar waya daga ƙafar zuwa abu na gaba da layin yake zuwa. Kafin a rufe akwati, a cusa igiya, a sa mitar gwajin lantarki a inda take ƙara in hanya a haɗe take, a girgiza ramin a ji ko ƙarar tana yankewa a gidajen uku. Na'ura mai shan wuta kai tsaye daga bango, irin miksa mai amfilifaya a ciki, tana iya riƙe wuta bayan an zare ta, wannan kada ka buɗe da kanka. Da hunturu kuma, lokacin da mayafi yake tartsatsi da dare, mai gyara ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa fanel.

Sauya ramin baki ɗaya sai in harsuna sun mutu ko robar ta fashe. A nan kuɗin ramin ba shi ne abin dubawa ba, abu ne mai arha. Abin da yake ci shi ne tafiya Kano, kuɗin mota zuwa da dawowa, adaidaita zuwa Sabon Gari, yinin aiki da ka rasa, da kuma yiwuwar a ce ka bari ka dawo jibi. Kuma ramukan nan ba ɗaya ba ne ko da bakinsu ɗaya. Wani ƙafa uku, wani biyar, wani shida ko fiye, tazarar ƙafafun ta bambanta, tsayin baki daga fanel ma haka. In ka sayo wanda bai hau ba, mai gyara zai fara lanƙwasa ƙafafu yana tilasta shi, ka koma gidan jiya. Dabarar da ta fi ita ce a cire tsohon a gida, ka ba mai zuwa birni ya tafi da shi a aljihu a gwada ƙafa da ƙafa, ya sayo biyu. Na fiyano mai sifika dole ya zama mai harsunan kashe sifika, in ba haka ba ko dai sifikun su mutu ko su ƙi yin shiru. Masu gyaran rediyo suna tara matattun miksa da amfilifaya, kuma ramin da aka ciro daga tsohuwar na'ura mai kyau sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. In an rasa mai hawa fanel, ana iya ɗaura rami mai noti a jikin akwatin a ja masa wayoyi uku zuwa fanel. Ba ya da kyan gani, amma ta wata fuskar ya fi na asali, don nauyin jak ya koma kan akwati. Wanda na'urarsa sabuwa ce da takardar garanti, ya fara komawa inda ya saya kafin kowa ya kwance ta.

Hanya ta gaba ba gyara ba ce, kewayewa ce. Ka bar ramin da cutarsa, ka ɗauki sauti daga ramukan baya da ke zuwa sifika, ka kai shi ƙaramin amfilifayan hedfon. Irin Behringer HA400 yana da ramuka huɗu, kowanne da maɓallin sautinsa, yana aiki da adaftar wuta mai bolt 12. Ga mai ɗaukar sha'iri da 'yan amshi wannan ribar biyu ce, don dama hedfon ɗaya ba ya isa, kuma daga ranar duk cusawa da zarewa sun koma kan ƙaramin akwati mai sauƙin sauyawa. Amma yana da nasa sharuɗɗan. Saun kad mai mafita biyu kacal, sifikunka ne a kansu, sai ka raba ko ka bi ta miksa, kuma dole ka kashe sifika lokacin ɗauka don kada makirfo ya kwashe su. Igiyar ma sai an kula, ana son mai kai biyu na mono, wato masu zobe ɗaya, a gefen saun kad, hagu da dama, da kai ɗaya na sitiriyo a gefen amfilifaya. In ka ɗauki igiyar sitiriyo ɗaya daga mafita ɗaya, ba hagu da dama ka ɗauko ba, kuma abin da za ka ji ba shi ne abin da ke cikin waƙar ba. Sannan ka ƙara wata adaftar wuta a ɗakin da janareta ko inbata ke ba shi wuta, wani lokaci da ita gurnani yake shigowa. Masu arhar kuma suna da ɗan huci in an ƙure su, wanda ba ya hana mawaƙi rerawa amma yana iya ruɗar kunne wajen tace sauti. Kada kuma a yi ƙoƙarin cusa hedfon kai tsaye a ramukan baya, ba a yi su don tura hedfon ba, sauti zai fito a raunane kuma ba daidai ba.

Masu ƙananan fiyano na Yamaha irin jerin PSR-E su duba bayan nasu da kyau, don a da yawa daga cikinsu rami ɗaya ne, an rubuta masa PHONES/OUTPUT, shi ne na hedfon shi ne kuma na fita zuwa miksa. A nan babu wata ƙofar baya, gyara ya zama dole, sai fa in naka yana cikin masu aika sauti ta USB. Kuma wannan ramin ne muka fi wahalarwa, don shi muke cusa wa jak ɗin mono a wajen biki. Jak mai zobe ɗaya a ramin sitiriyo yana haɗe sautin dama da at, abin da ke matsa wa ɗan amfilifayan ciki. Manyan fiyano na jerin PSR-S suna da mafitarsu daban, kewayewa a wajensu mai sauƙi ce.

Wasu za su ce a sa hedfon a kwamfuta kawai, ko a yi amfani da na Bluetooth. Don sauraron aikin da aka gama, babu laifi. Don ɗaukar murya kuwa, a'a. Amfanin ramin saun kad shi ne mawaƙi yana jin muryarsa nan take, kafin ta shiga kwamfuta ta dawo. Ta ramin kwamfuta jinkiri yana shigowa, na Bluetooth kuwa yakan wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mawaƙi ya yi ta jin kansa a baya yana sauka daga kan kiɗa. Sayen sabuwar na'ura saboda rami ɗaya kuma, ban ga dalilinsa ba, sai in an tabbatar ɗan amfilifayan ciki ne ya ƙone kuma ba a samu mai iya sauya shi ba.

In ni za a tambaya, wanda raminsa yake girgiza ya nemi mai dalma a cikin makon nan, ko da akwai aiki a gabansa, don cikin cututtukan wannan ne jira ya fi ƙara wa tsada. Wanda jak yake zamewa sulul, in yana tsakiyar kakar biki, ya sayi amfilifayan hedfon ya ci gaba da aiki, ya bar sauya ramin zuwa lokacin da aiki ya lafa ko aka samu mai zuwa Kano. Mai fiyano mai rami ɗaya kada ya tsaya lanƙwasa harshe, ya sauya. Sufa gulu kuwa, wanda na ga wasu suna ɗigawa a bakin rami, yana gangarawa ya rufe harsunan, daga nan ko wanki ko dalma ba sa aiki.

Yaron mai gyaran waya ya yi wa nawa gada da waya siririya kamar zare, ya sabunta sauran ƙafafun, ya ɗiga ɗan gam a gefen robar ta waje don ta zauna. Da na dawo gida sai na sayi 'yar gajeriyar igiya, tsawon taƙi ɗaya, kai ɗaya namiji ɗaya mace, na cusa ta a ramin na bar ta, na ɗaure ta da ƙafar tebur ta yadda ko mawaƙi ya miƙe da hedfon a kunne ya ja, tebur zai ja ba fanel ba. A kanta kowa yake cusawa yana zarewa. Na sauya ta sau biyu tun daga lokacin, ramin kuwa ban sake taɓa shi ba. Na buga ƙusa a bango inda hedfon yake rataya, da yamma kuma in an tashi ina rufe tebur ɗin duka da tsohon zanin gado, sauran ramukan da ba a amfani da su na toshe su da matattun kawunan jak saboda zanzaro.